Yadda Ake Saita Jitar Bes ta Lantarki, a Canza Mata Kaya, a Kuma Kare Ta

Da zarar mai kaɗa bes ya ji muryar jitarsa ta daina yi masa daɗi, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne sabon fikof, wato maganaɗisun nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar motsinta yana miƙa wa amfilifaya. A ganina fikof shi ya kamata ya zo ƙarshe. Jitoci da yawa da ake kuka da su ba abin da ke damunsu illa tsirkiyoyin da suka mutu, da wuyan da ya lanƙwashe, da soket da ya kwance, kuma duk waɗannan alanki da sukundireba da tsumma sun ishe su. Wanda ya ɗora fikof mai tsada a kan jitar da ba a saita ba, aibinta kawai zai ƙara fitowa fili. Saboda haka za mu bi abin daki-daki: saiti tukuna, sai canjin da ake iya warwarewa, sai wanda ba ya warwaruwa, sannan tsaron jitar daga faɗuwa da zafi da danshi.

Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, ɗauki hoton jitar da wayarka, ciki da waje, musamman yadda wayoyi suka haɗu. Duk abin da ka cire, ko da wasa ce, jefa shi a leda ka rubuta daga inda ya fito. Kuma canji ɗaya a lokaci ɗaya. In ka sauya tsirkiya da jaki, wato ƙarfen da ke riƙe da gindin tsirkiya a jikin jita, da fikof rana guda, murya ta gyaru ko ta ɓaci, ba za ka san wanda ya jawo ba. In kuwa tsohuwar jita ce mai daraja, irin ta kamfanin Fender da aka ƙera kafin kamfanin CBS ya saye shi a 1965, to tsaya a saiti da shara kawai. Huda ɗaya a jikin irin wannan tana zubar mata da daraja har abada.

Kayan aikin ba su da yawa: alanki, sukundireba ƙanana da manya, na'urar saita murya, rula ta ƙarfe mai milimita, filagej irin na makanikai mai auna ƙaramar rata, kafo mai danne tsirkiyoyi a kan wuya, filaya mai yanka waya, mitar gwajin lantarki, ƙarfen narka dalma, da tsumma mai laushi. Abu ɗaya da ke kayar da mutane: jitocin da aka ƙera a Amurka yawanci alankin inci suke ci, na Japan da Indonesiya da Sin kuma na milimita. Alankin da ya shiga yana wasa, kada ka murɗa da shi, zai cinye kan notin.

Tsirkiya

Bes mai tsirkiya huɗu ana ɗaure ta E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya, kuma kaurin da aka fi amfani da shi shi ne 45 zuwa 105. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai kaushi, wadda kamfanin Rotosound ya inganta ta a 1966 tare da John Entwistle, makaɗin bes na ƙungiyar The Who, mai ƙara da haske. Akwai kuma mai santsi, wadda muryarta ke fitowa a dunƙule, irin wadda makaɗin bes James Jamerson ya yi ta kaɗawa a kamfanin waƙa na Motown. Babu canjin da ke juya muryar bes kamar ƙaura daga ɗaya zuwa ɗaya, kuma ba a huda komai ba.

Sassauta tsohuwar tsirkiya har ta yi laƙwas kafin ka cire. Kada ka datse ta tana ɗaure. Zura sabuwar ta cikin jaki, ka ja ta har ta wuce kunnen da za ta hau, wato mamurɗinta da ke kan jita, da kamar santimita 10. A nan ka tanƙwara ta sosai, sannan ka yanke gaban tanƙwarar da kaɗan. Tanƙwarar ce ke hana naɗin waje zamewa daga zuciyar tsirkiya. Cusa bakin a ramin tsakiyar kunnen, ka kwantar da ita ta cikin tsagar, ka riƙa murɗawa naɗi yana sauka ƙasa, zagaye biyu zuwa uku, kada wani ya hau wani. A kan jita irin ta Fender, tsirkiyar A ba ta da abin da ke danne ta a kai, don haka ka ba ta naɗi isasshe ya sauka can ƙasa, in ba haka ba za ta riƙa karkarwa a kan ƙashin bakin wuya ka yi ta neman laifin a wani wuri. Goga bakin fensir a cikin tsagogin ƙashin don tsirkiya ta riƙa zamewa. Bayan ka ɗaure, ɗan ja kowace sama da hannu, ka sake saitawa, har ta daina sauka.

Wuya

Nan ne ake jin tsoro, nan ne kuma rabin daɗin jita yake. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 ko ya fi, dare da rana. Abin da ke hana itacen ba da kai shi ne sandar ƙarfe da aka binne a cikinsa, mai noti a kai ko a gindin wuya. Ba miƙewa sambal ake nema ba. Tsirkiyar E tana kaɗawa kamar sau 41 a daƙiƙa, kuma tana buɗa fili sosai a tsakiyarta, don haka ana barin wuya ya ɗan rusuna mata.

Ga yadda ake aunawa. Saita murya daidai, ka riƙe jitar yadda kake riƙe ta in za ka kaɗa, ba a kwance ba, domin nauyin wuya yana canza awo. Maƙala kafo a firet na farko; firet su ne siraran ƙarafunan da aka gitta a kan wuya, ana ƙirga su daga wajen kan jita. Danne tsirkiyar E a firet na ƙarshe. Yanzu tsirkiyar ta zama maka miƙaƙƙiyar rula. Duba ratar da ke tsakanin ƙasanta da saman firet na 8. Abin da ake so shi ne wajen milimita 0.3, kaurin ƙaramin katin adireshi ke nan in ba ka da filagej.

In ratar ta yi yawa, ɗaure notin, wato murɗa shi ta hannun agogo kana fuskantarsa. In babu rata, tsirkiya ta kwanta a kan firet, sassauta shi. Kada ka wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya; ni na fi son rabin rubu'i. In ɗaurewa za ka yi, ɗan sassauta tsirkiyoyi tukuna don kada sanda ta yi kokawa da su. Murɗa, sake saita murya, auna. Itace ba ya amsawa nan take, wani wuyan sai ya kwana kafin ya zauna, saboda haka in ka yi kusa da awo ka bar shi zuwa gobe. In notin ya cije, tsaya. Ƙarfi ba ya gyara wannan, karya sanda yake yi, kuma sandar da ta karye sai an ɓamɓare allon yatsu kafin a kai gare ta. Mayar da shi baya kaɗan, ka ga ko yana motsi. In ya ƙi, kai wa mai gyaran jita. Tsofaffin Fender notinsu yana gindi, sai an sassauta sukurori huɗun da ke riƙe da wuya an ɗaga shi. Tsofaffin Rickenbacker 4001 kuwa sanduna biyu gare su, kuma hanyar ɗaure su dabam ce, ba a yi musu irin wannan murɗin.

Kunne ma yana ba da labari. Karkarwa a firet na 1 zuwa na 5 tana nuna wuya ya miƙe da yawa. Karkarwa daga firet na 12 zuwa sama yawanci siradan da tsirkiya ke hawa a kan jaki ne suka yi ƙasa. In kuwa firet ɗaya tak ne ke damu, na gabansa ne ya ɗago, kuma ba aikin sanda ba ne.

Tsayin tsirkiya, nisan fikof, da gaskiyar murya

Sai wuya ya zauna ake taɓa sirada, ƙananan ƙarafunan da kowace tsirkiya ke hawa a kan jaki. Cire kafo, auna daga saman firet na 17 zuwa ƙasan tsirkiya. Awon da Fender ke bayarwa ga yawancin jitocinsa na zamani shi ne kamar milimita 2.4 a ɓangaren E, da milimita 2 a ɓangaren G. Mafari ne kawai. Mai nauyin hannu zai so sama da haka, mai taushin hannu zai iya sauka. Kowane sirdi yana da ƙananan sukurori biyu. Ɗaga su daidai wa daida, kada sirdi ya karkace, domin ƙafar da ba ta taka ba ita ma tana ƙara. A da D su bi gantsarewar allon yatsu.

Sai fikof. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, ka auna daga kan maganaɗisu zuwa ƙasanta: kamar milimita 2.8 ta wajen E, milimita 2 ta wajen G. In ya matso da yawa, maganaɗisu yana jan tsirkiya, murya ta riƙa rawa tana saurin mutuwa. In ya yi nisa, murya ta yi rauni. Kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya ka ji wadda ta fi 'yan'uwanta ƙarfi, ka sauke ɓangarenta. In ka sassauta sukuru fikof ya ƙi tasowa, soson da ke ƙarƙashinsa ne ya mutu, sa sabo. Mutane da dama da suka yi niyyar sayen fikof a nan suke fasawa.

Na ƙarshe a saiti shi ne tabbatar da cewa jitar ba ta ƙarya a saman wuya. Saita tsirkiya a sake, sannan danne ta a firet na 12 da irin ƙarfin da ka saba, ka dubi na'ura. In murya ta haura, ja sirdi baya, nesa da wuya. In ta gaza, tura shi gaba. Sake saita murya bayan kowane motsi. Da tsohuwar tsirkiya ba a yin wannan aiki, ɓata lokaci ne.

Akwai wani abu da saiti ba ya magani. Jitoci da yawa masu wuya irin na Fender suna da gurbi a tsirkiyar G, tsakanin firet na 5 da na 7, inda murya ke saurin ɗaukewa. Itacen wuyan ne ke shanye ta. Ƙara ko rage nauyin kan jitar yana iya gusar da gurbin, amma ba laifin fikof ba ne.

Maratayi

In kuɗin canji ɗaya kawai gare ka, sa shi a nan. Bes tana da nauyi, kilo 4 ko fiye, kuma ramin maratayi yana buɗewa da tsufa. Ranar da ya zame, kan jitar ne ke fara dukan ƙasa. Makullin maratayi, irin na Schaller ko na Dunlop, gida biyu ne: ɗaya a jikin jita, ɗaya a maratayi, sai an ja ko an danna suke rabuwa. Kwance tsohon maɓalli, gwada sabon sukuru da tsohon. In sabon ya fi siriri, ko ramin ya riga ya cinye, tsoma tsinken sakace biyu ko uku a gam na itace, cusa su a ramin, karye abin da ya fito, ka bari ya bushe kafin ka ɗaura. Kada ka manta da ɗan ƙyallen da ke tsakanin maɓalli da fenti. Lokaci-lokaci ka duba notin da ke jikin maratayi, shi ne ke kwancewa a ɓoye. Wanda bai samu makulli ba, wasar roba mai kauri da aka tura bayan maratayi tana riƙewa fiye da yadda ake zato.

Ƙugi

Kafin ka yi maganin ƙugi, gano irinsa. Kunna amfilifaya, ƙure bolum na jita, ka saki tsirkiya. In ƙara ta ragu da ka taɓa tsirkiya, wayar at, wato mai kai wutar banza ƙasa, tana aiki, kuma rufin tagulla zai taimaka. In taɓa tsirkiya bai canza komai ba amma taɓa ƙarfen soket ya rage ta, wayar da ke tafiya ƙarƙashin jaki ta tsinke ko ba ta taɓa shi. Kwance jaki, baje bakin wayar, ka mayar. In ƙara ta ƙaru da ka taɓa, mai yiwuwa an juya wayoyin soket. In kuma ƙugin mai zurfi ne, yana ƙaruwa yana raguwa in ka juya jikinka, wannan na wutar gida ne, mai zagaye 50 ko 60 a daƙiƙa, fikof mai naɗi ɗaya ke kamo shi, kuma tagulla ba ta kashe shi. Jitar Precision Bass, wadda Leo Fender ya fitar a 1951, ta rabu da wannan matsala a 1957 da aka raba mata fikof gida biyu masu soke ƙugin juna. Jazz Bass ta 1960 tana yin shiru ne in an buɗe bolum biyun daidai. Ka rage ɗaya, ƙugi ya dawo. Halinta ne, ba lalacewa ba.

Rufin tagulla aikin haƙuri ne. Nemi tef na tagulla wanda gam ɗinsa ma yana ɗaukar wuta, wannan sharaɗi ne. Cire kebul, cire tsirkiyoyi, kwance farantin gaba, ka ɗago kayan wuta a hankali ka kwantar da su a kan tsumma. Share ƙurar katako daga ramin, domin tef ba ya kama ƙura. Danna takarda a ramin ta ɗauki siffarsa, ka yanka tagulla a kanta. Shimfiɗa ƙasa tukuna, sai bango, kowane yanki ya hau na kusa da shi da kamar milimita 5. Murje shi da bayan biro ya kwanta. Bari tagullar ta leƙo saman ramin kaɗan, kusa da wani ramin sukuru, yadda farantin zai danne ta amma ba za a gan ta daga waje ba. Rufe bayan farantin shi ma, a daidai inda ya rufe ramin. Ka kula da yatsunka, gefen tef ɗin yana yanka kamar reza.

Tagullar da ba a haɗa da at ba ba ta da amfani. Liƙa gajeriyar waya daga jikinta zuwa bayan bolum. In ramin fikof dabam yake, shi ma ja masa waya ta cikin hudar da wayoyin fikof ke bi. Sai ka ɗauki mita ka sa ta a gwajin haɗuwa: tsinke ɗaya a ƙarfen soket, ɗaya kana yawo da shi a kan tagulla, lungu-lungu, har da jaki. Ko'ina ta yi ƙara. Kafin ka rufe, duba ƙafafun bolum da harshen soket. In ɗaya ya taɓa tagulla jitar za ta yi tsit gaba ɗaya. Manna tef na lantarki a daidai inda za su iya haɗuwa. Takardar alminiyam ma tana rufewa, sai dai dalma ba ta kama ta. Akwai kuma fenti mai ɗaukar wuta, ana shafa shi sau biyu ko uku, ya fi sauƙi a rami mai lunguna.

Tunda maganar at ake, ga abin da ba wasa a cikinsa. Tsirkiyoyinka a haɗe suke da jikin amfilifaya ta hanyar kebul. In amfilifaya ta lalace ko an cire mata ƙafar at, wuta tana iya bi ta hannunka, musamman in leɓenka ya taɓa makirfo. Haka makaɗin jita Leslie Harvey ya rasu a kan dandamali a 1972, mawaƙi Keith Relf kuma a gidansa a 1976. Kada ka taɓa karye ƙafar at ta fulogi don kashe ƙugi. In ka ji ɗan cizo a tsirkiya ko a makirfo, ajiye jita a duba wutar. Cikin amfilifaya kuwa ba wurin koyo ba ne, tana riƙe wuta ko bayan an kashe ta.

Soket, bolum, da fikof

Soket da ke juyawa, kada ka ɗaure notinsa daga waje kawai. Dukan soket ɗin ne zai juya ya murɗe wayoyi su tsinke. Buɗe, riƙe shi ta ciki, sannan ka ɗaure. In kebul yana zamewa, ɗan tura harshen ciki, ko ka sa sabo mai kyau irin Switchcraft. Bolum mai ƙaiƙayi a kunne in ana murɗa shi, fesa masa ruwan wanke kayan lantarki ta ƙofar da ke kusa da ƙafafunsa, ka murɗa shi gaba da baya sau da yawa. Man kwance tsatsa bai dace da nan ba.

In bolum za a canza, jita marar batir yawanci mai lamba 250k take ci. 500k yana ƙara haske. Kafasitar ton, ɗan abin da ke rage hasken murya, wadda aka saba ita ce mai lamba 0.047; ta 0.1 tana ƙara duhu in an rufe ton. A nan lamba ce ke aiki. Kafasita mai tsada da mai araha, in lambarsu ɗaya, kunnena bai yarda akwai bambancin da ya cancanci kuɗin ba. Wajen liƙi, rufe jikin jita da kwali, domin ɗigon dalma ɗaya yana ƙona fenti. Ƙarfe mai wat 30 zuwa 40 ya isa, da dalmar lantarki, ban da ta masu aikin famfo mai asid. Kankare bayan bolum ya yi haske, shafa dalma a kansa da bakin waya kowanne dabam, sannan ka haɗa su ka ɗora zafi na 'yan daƙiƙu. Kada ka motsa har ta daskare. Liƙi mai kyau yana sheƙi yana kwance. Wanda ya dunƙule ya yi toka-toka sai an sake. Buɗe taga, ka kuma wanke hannu bayan ka gama.

Ga masu Jazz Bass, akwai canji mai daɗi da ba ya buƙatar huda: bolum mai jan sama, wanda ke jera fikof biyun a layi ɗaya, murya ta yi kauri da ƙarfi. Mafi arha duka kuwa shi ne guntun soso da ake turawa ƙarƙashin tsirkiya dab da jaki, ya gajarta murya ta koma irin ta da. Tsofaffin Precision da sosonsu suke fitowa, a manne cikin murfin jaki.

Yanzu in ka yi duk wannan, ka kaɗa na 'yan makonni, har yanzu akwai abin da kake nema kuma kana iya faɗinsa da baki, to fikof ya halatta. Auna ramin kafin ka saya. A Jazz Bass na kusa da jaki ya ɗan fi na wuya tsawo, da kamar milimita 3, kuma wasu jitocin ba su bi wannan awo ba. Masu ƙera fikof irin su Seymour Duncan, DiMarzio, Bartolini, EMG, kowanne da launin wayoyinsa, don haka bi zanen da ya zo a kwalin. In ka haɗa, ka buɗe biyun tare, murya ta yi siriri ƙasa ta ɓace, juya wayoyin ɗaya daga cikinsu. Fikof mai batir irin na EMG yana son bolum 25k, da soket mai ƙafa uku, da wurin da batir mai bolt 9 zai zauna. Ka tabbata akwai wurin kafin kuɗi su fita.

Jaki, kunnuwa, da abin da ba ya komawa

Jaki mai nauyi, irin Badass ko na Hipshot da Gotoh, ana yawan zuzuta shi. Abin da na tabbata yana bayarwa shi ne sirada da ba sa yawo gefe. Ƙarin tsawon murya kuwa kaɗan ne. Nemi wanda ya hau ramuka biyar na asali, da tazarar tsirkiya irin taka, yawanci milimita 19, kuma ka mayar da wayar at ƙarƙashinsa. Kunnuwa marasa nauyi sun fi shi amfani in jitarka mai sunkuyar da kai ce da zarar ka saki wuya. Akwai kuma kunne mai ɗan hannu da ke sauke E zuwa D nan take.

Fafe sabon ramin fikof, kankare fenti, cire firet, waɗannan ba a dawowa daga gare su. Shahararren makaɗin bes Jaco Pastorius ya cire firet na Jazz Bass ɗinsa ta 1962, ya cike tsagogin, ya shafe allon da gam ɗin jirgin ruwa. Wanda ke sha'awar haka, in wuyan jitarsa na sukuru ne, ya sayi wani wuyan marar firet ya ɗaura, ya ajiye na asali.

Tsaro na yau da kullum

Gumi ne ke kashe tsirkiya, shi ke sa tsatsa a jaki. Wanke hannu kafin ka kaɗa; in ka gama, zura tsumma ƙarƙashin kowace tsirkiya ka ja daga kai zuwa gindi, ka goge bayan wuya da inda damtse ke kwanciya.

Itace yana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. In iska ta bushe sosai, allon yatsu yana tsukewa, bakunan firet su leƙo suna kartar hannu. In danshi ya yi yawa, itace ya kumbura, ƙarfe ya yi tsatsa, akwati ya yi fumfuna. Ƙaramin ma'aunin danshi a cikin akwati ya ishe ka sani. Lokacin laima, sa ƙunshin silika. Lokacin bushewa, soso mai ɗan jiƙa a cikin roba mai huji, yadda ruwa ba zai taɓa jita ba. Duk sa'ad da yanayi ya juya, sake auna wuya, don zai motsa.

Kada ka bar jita a rufaffiyar mota cikin rana, ko jingine da taga, ko kusa da abin ɗumama ɗaki. Zafi yana sassauta gam yana murɗe wuya. In ka shigo da ita daga sanyi zuwa ɗumi, bar ta cikin akwati ta huce tukuna, domin canjin gaggawa yana tsattsaga fenti. San irin fentinka kuma. Yawancin jitocin yau fentinsu mai tauri ne, ba ruwansa. Amma na da, mai suna naitiro, wanda har yanzu ake sa wa wasu masu tsada, robar majingini da ledar maratayi suna narka shi. Naɗe wuraren da jita ke taɓawa da ƙyallen auduga, ka kuma cire maratayi kafin ka rufe akwati.

Allon yatsu mai duhu marar fenti, a shafa masa ɗigon man allon jita sau ɗaya ko biyu a shekara, a bar shi 'yan mintoci, a goge tas. Yawan mai yana jiƙa gindin firet. Farin allo mai fenti ba ya shan mai, tsumma kawai. In za ka goge firet da soson ƙarfe mai laushi, lamba 0000, rufe fikof da tef tukuna, in ba haka ba maganaɗisu zai kwashe garin ƙarfen ya shige cikin naɗi. Manna wani tef a kan na farko kafin ka ɓare, garin ya tafi a tsakaninsu.

Jaka mai soso ta isa yawon kusa in tana kafaɗarka. In za a loda kaya a kanta ko za ta hau jirgi, akwati mai tauri, a cusa tufafi kewaye da kai da wuya har in an girgiza ba a jin motsi. A wurin wasa, zagaya kebul ta bayan maratayi kafin ka soka shi, don in an taka, maratayi ya sha jan maimakon soket.

Jita mai batir, irin StingRay da Music Man ya fitar a 1976 da masu bin sawunta, yawanci soka kebul shi ne kunna ta. Ka bar kebul a ciki, batir yana ci ko ba ka kaɗawa. Alamar ya kusa ƙarewa ita ce murya ta fara dishewa tana tsagewa in ka buga da ƙarfi, don haka ajiye wani a aljihun jaka, a cikin ledarsa yadda ƙarfe ba zai haɗa kawunansa ba. In za ka ajiye jitar na watanni, cire batir gaba ɗaya kada ya zubo ya ci wayoyi, sauke tsirkiyoyi kaɗan amma kada ka sake su duka ka bar sanda tana ja ita kaɗai, sannan ka tsayar da akwatin a tsaye, nesa da bangon da ke jiƙa.